Wa Muke Gina Wa Ɗaki na Uku?

Inna Asiya, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke cina na kasa faɗa wa kowa a nan, har matan ikilisiyarmu. Kada ki buga sunana.

Ni da maigidana Matiyu mutanen kudancin Zariya ne, amma a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi muka yi yawancin zaman aurenmu. Direba ne a wani kamfanin sayen fata da gyaɗa. Da aka samu mulkin kai, Baturen kamfanin ya tattara ya tafi, aka sayar da motar. Na ce mu koma gida, ya ce shi ba zai je ya raɓe a ɗakin ƙanensa da furfura a kai ba. Zaman haya kuma ya ishe shi.

Akwai wani manomin shinkafa mutumin Zauro, Abdussamadu, wanda Matiyu ya sha ɗaukar wa kaya zuwa kasuwar Argungu har suka shaƙu. Shi ya nuna masa wani tudu a bakin fadama, nesa da gari, babu maƙwabci sai giginya da tsuntsaye, ya ce mu gina mu zauna. Ranar da na ga wurin kuka na yi. Na ce ni da na saba da fitilar kwai da kasuwa a ƙofar gida, me zan yi a daji?

Amma Inna, sai ga shi na so wurin. Abdussamadu ya koya wa Matiyu cuɗa ƙasa da ciyawa a bar ta ta jiƙu, da murza tubali, da tsaga giginya a fid da azara. Tare suka yanko shuci suka ɗaure jinka. Matarsa Sauda ta koya mini daɓe da yaɓe, ta nuna mini yadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a shafe bango don kada ruwa ya ci shi. Hannuna ya yi kanta, bayana ya yi ciwo, amma muka ta da ɗakin kwana da na girki da rumbu, muka haƙa rijiya mai ruwa garai. Da ruwan farko ya sauko, muka zauna muna kallon jinka, ko ɗigo babu. Matiyu ya yi ta dariya kamar wanda aka yi wa albishir. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin a rufe kamfanin.

To ga inda hankalina ya fara tashi. Na samo dashen mangwaro daga Argungu na dasa a bayan ɗaki. Abdussamadu ya zo ya gani, bai yi mini magana ba, ya sunkuya ya tuge su, ya ce wa Matiyu, "Wanga wuri ba a shuka icce." Ya tafi. Na tambayi dalili, maigidana ya ce wai saboda saiwa kada ta fasa bango. Inna, tsakanin dashen nan da bango akwai tafiya.

Bayan haka na matsa wa Matiyu su je wurin mai garin Zauro a shaida cewa an ba mu wurin. Abdussamadu ya ce tsakaninsa da amininsa babu shiga gaban kowa, har ya nuna ransa ya ɓaci. Aka bar maganar.

Yanzu da rani ya shigo, sai ga shi da kansa ya ce a ƙara ɗaki na uku. Mu biyu ne, 'ya'yanmu sun yi aure suna Kaduna, me za mu yi da ɗaki na uku? Shi ya zaɓi inda za a yi shi, shi ya kawo azara, kuma ya fi namu faɗi. A daidai lokacin nan babban ɗansa ya dawo daga fataucin goro a Kumasi, ana maganar aurensa. An zo da shi ya zaga gidan, ya leƙa rijiya, ya ƙwanƙwasa rumbu. Sauda kuwa ta tsaya a tsakiyar sabon ginin ta ce wannan ɗaki zai ɗauki jere da kyau. Da ta ga na dube ta sai ta canza magana.

Ƙawata Yejide mai sayar da atamfa a Birnin Kebbi ta ce ta san wani baƙo da aka yi wa haka wajen Gulma, aka bar shi ya gama gini tsaf, aka ce ya tashi. Tun daga nan ba ni da natsuwa. In su Abdussamadu suka aiko da kifi sai in ce mun ƙoshi. In na hango hularsa a kan hanya sai in shige ɗaki.

Kuma ina jin kunyar kaina, domin da damina ruwa ya kewaye tudun nan, zazzaɓi ya kwantar da Matiyu, mutumin nan ne ya zo da kwalekwalensa ya ɗauke shi zuwa asibiti, ya riƙa kawo mini gero da itace har ya warke. Da na faɗa wa maigidana zargina, ya ce ni butulu ce, ya yini bai ci tuwona ba. Bangon sabon ɗakin ya kai kafaɗa, saura jinka. Mu muke gina wa kanmu, ko ango muke yi wa leburanci?

Mai Zaman Ɗar-ɗar, Birnin Kebbi

*

'Yata, ba butulci kika yi ba, kuma ba ki kama ɓarawo ba tukuna. Sassauta.

Maganar mangwaro ba ta saiwa ba ce. A ƙasar noma, wanda aka ba aron fili ba ya dasa itace, domin itace shaidar mallaka ne. Da Abdussamadu ya tuge dashenki, gaya muku ya yi cewa aro ya ba ku, sai dai da hannu ya faɗa, bai faɗa da baki ba. Mijinki kuwa kyauta ya ji. Aro ba cuta ba ne, gidaje da yawa a kansa suke zaune har jikoki. Amma dole mai zama ya san a kan me yake zaune.

Ƙin zuwa gaban mai gari ma yana iya zama da wani dalili. Tudu irin wannan da wuya ya zama na mutum ɗaya, galibi na gandu ne. Mai yiwuwa ya ba ku ne bai shawarci 'yan'uwansa ba, yana tsoron ranar da za a tambaye shi. Ɗaki na uku kuwa ban san na wane ne ba, ke ma ba ki sani ba, Yejide ma haka. Wanda ya ratsa ruwa ya ɗauki mijinki ya cancanci a tambaye shi kafin a yanke masa hukunci. Ki daina mayar da kifinsu. In niyyarsu mai kyau ce kina ɓata zumunci, in ba mai kyau ba ce kina ba su hujja.

Abin da ya fi damuna ba zuciyar Abdussamadu ba ce. Ko da shi mutumin kirki ne ƙwarai, rai a hannun Allah yake, kuma ɗansa bai yi abota da Matiyu ba. Ta nan za ki shigo wa mijinki. Kada ki sake ce masa amininsa maci amana ne, ba zai saurare ki ba. Ki tambaye shi, in yau aka wayi gari babu ɗayansu, ke ina za ki zauna, kuma wa zai tsaya miki?

Sannan ya sayi goro, ya ɗauki dattijo ɗaya daga ikilisiyarku, ya ce wa Abdussamadu ya raka su gaida mai gari. Wannan ba ƙara ba ce. Baƙon da ya zauna a ƙasar mutane ya kamata a san da shi, kun ma makara. A can, cikin ladabi, gaban ɗan nasa da 'yan'uwansa, a faɗi ko aro ne ko kyauta, a faɗi na wane ne sabon ɗakin, da abin da za a yi muku in wata rana an buƙaci wurin. In ɗan ne zai zauna kusa da ku, kuka kuma yarda, to kun yi maƙwabci a daji, ba asara ba ce.

Amma kada ku ɗora jinkar nan sai an yi wannan tafiya. In ya amsa ya je, ki dafa abinci mai kyau ki kai wa Sauda da kanki. In ya sake ƙi, ya ba ku amsa ke nan, ku fara neman wani wuri tun damina ba ta kama ku ba.

Allah ya ba Matiyu lafiya, ya zaunar da ku inda ba mai tashinku.

Inna Asiya