Fitilar da Ta Juya wa Dogon Gini Baya

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Sashen Tsara Birni

Daga:
Tsohuwar da ke zaune a ɗakin sama, kan shagon tela da kemis, daura da sabon dogon gini

Kwanan wata: Talata, 14 ga Oktoba, 2025

Game da: Fitila ɗaya ta sabon dogon gini da ke haska ɗakina maimakon ginin, da kuma shirin tayar da ni daga gidana saboda ita

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina neman izinin gabatar da kukana. Babban ɗana ya yanke shawarar zuwa da mota ranar Asabar, 25 ga wannan wata, ya kwashe ni da kayana zuwa gidansa da ke bayan gari. Abin da ya jawo haka fitila ce, kuma an ce mini ofishinka kaɗai ke da ikon taɓa ta. Ga bayanin:

1. Ranar 2 ga Agusta aka kafa fitilun da ke haska ginin daga ƙasa zuwa sama. Dukkansu sun ɗaga kai suna kallon aikinsu, in ban da ta kan kwana, wadda faɗinta ya kai babban faranti. Ina taga lokacin da mai gyaran wuta ya hau tsani yana ɗaure ta. Hannunsa na kan sifana, idonsa na kan yarinyar da ke sayar da magani a kemis ɗin ƙasanmu, kuma inda idonsa ya nufa nan fitilar ta tsaya. Ba ƙararsa nake kawowa ba, don na ji har an kai gaisuwa gidansu yarinyar, Allah Ya sanya alheri. Amma in za a sake turo wani, a taimaka a turo mai iyali.

2. Tun ranar 6 ga Satumba da aka buɗe ginin, da an idar da magariba ɗakina sai ya zama kamar ɗakin tiyata. Barci ya ƙaurace mini, idona na ta ruwa. Surukata ta zo gaishe ni, ta hango ƙurar da ke kan kabad wadda ni da ita muka daɗe muna yi kamar ba mu san da zamanta ba. A wannan bikin buɗewa na gan ka, Yallaɓai, a layin gaba. Na kuma ga yadda ka rufe ido kana nazari mai zurfi lokacin jawabin injiniya, ban kuwa faɗa wa kowa ba sai mutum biyu.

3. Al'adata ce in zauna bakin taga da yamma, cikin duhu, da carbina, ina yi wa unguwa addu'a. Mai yi wa mutane addu'a kuwa dole ya san halin da suke ciki. Yanzu fitilar ta baje ni a fili kamar kayan talla. Wanzami da matarsa, da suka saba warware matsalarsu a ƙarƙashin tagata, sun koma lungun da ke bayan gidansu. Mai shayi kan ɗago mini hannu ya ce in sauko in ji da kyau. Rabuwar direban tasi da amininsa ma a bakin matar tela na ji ta, bayan kowa ya gama ji. A shekaruna wannan abin kunya ne.

4. Fitilar ba ta tsaya kan launi ɗaya ba. Takan yi fari, ta koma shuɗi, ta koma kore, ta koma ruwan ɗorawa. Wata maƙwabciya ta hango fuskata lokacin da ake kan na ƙarshen, kafin gari ya waye magana ta zagaye layi cewa shawara ta kama ni. Aka yi ta zuwa dubiya, har wata ta tambayi wanda zan bar wa ɗakin. Daga nan aka buga wa ɗana waya.

5. Ya zo, ya kai ni asibiti. Likita ya ce ba shawara, amma rashin barci da wannan haske za su ƙarasa mini ido. Ɗana ya sayo labule mai kauri kamar bargo, na kwana biyu a bayansa ba iska ba motsin mutane, na cire. Shi ne ya ce to sai tashi. Ɗakin da ya gyara mini yana da kyau, da fanka da tayil, amma tagarsa tankin ruwa take kallo. Yallaɓai, wannan ɗakin da nake ciki a nan aka kawo ni amarya. A nan na haifi shi mai son ɗauke ni, a nan kuma mahaifinsa ya cika, kansa a kan cinyata. Na roƙi ɗan nawa, ya ce in fitilar ta kau da kai kafin ranar, ya haƙura.

6. Ranar 29 ga Satumba na tsallaka titi da sandata na je ginin. Maigadi ya kai ni wurin manaja, manaja ya ba ni kujera da ruwan sanyi, ya bayyana mini cewa yadda kowace fitila za ta fuskanta yana cikin zanen da ofishinka ya sa wa hannu, don haka ba mai motsa ta sai da takardarka. Ban yi gardama ba, sai dai ban yi zaton akwai gadona a cikin zanen ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon ka ba da umarni a ɗaga kan wannan fitila ta kalli ginin da aka saye ta dominsa, kafin ranar 25 ga wata. Ban ce a kashe ko ɗaya ba. Ginin ya yi kyau ƙwarai, ni ma nakan nuna wa baƙi shi kamar ni na gina. Aikin bai wuce na mutum ɗaya da tsani ba, ni kuwa shi ne zai sa in ƙarasa sauran kwanakina a inda, in na yi tari, akwai mutum goma da za su ɗaga kai su ce sannu.

Allah Ya ƙara girma, Ya kuma sa takardar nan ta iso teburinka kafin motar ta iso ƙofata.

Taka mai biyayya,

Goggon Taga
(haka kowa ke kirana a layin, in an zo sai a tambaya)