Maƙalar Dogo Kan Baƙar Laka

Zuwa ga aminiyata Mai Hoto,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara da jikoki. Yaya gwiwar? Yaya kunnen? Wayarmu ta ƙarshe ce ta sa na koma ga biro da takarda, don na yi ta ɗaga murya har maƙwabciyata ta leƙo tana tambaya ko da wa nake faɗa. Idonki dai na san garau yake.

Na ji kin tambayi Autata abin da ya hana ni ziyara, ta ce miki wai na auri kwamfuta. Ba ta yi ƙarya sosai ba. Kin tuna kundin ilmin nan na intanet da kowa ke iya sa hannu a rubuta shi, wanda Dogonku, maigidana, ya maƙale wa bayan mun yi ritaya? Ni ce kan gaba wajen yi masa tsiya a lokacin. To bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, gidan ya yi mini faɗi, na zauna a kujerarsa, yau ga ni tsundum cikin ƙungiyar masu kula da maƙalolin da suka shafi ƙasar noma. Rubutu mai daɗi ban iya ba, kin sani. Awo nake yi, kamar dai can a ɗakin gwajin ƙasa da kuka laƙaba mini Uwar Sikeli.

Kowace maƙala awo biyu ake yi mata. Na farko inganci: guntuwa ce, ko somin-taɓi, ko ta yi kyau. A nan ana duba tsarinta, da hoto, da ko kowace magana tana da madogara a littafi. Na biyu muhimmanci: kaɗan ne, ko matsakaici, ko babba. Wadda muhimmancinta ya zama babba amma ingancinta bai taka kara ya karya ba, ita masu gyara ke fara far wa, su kwance ta su sake ɗinkawa. Wadda kuwa aka ce muhimmancinta kaɗan ne, sai ta yi shekaru ba wanda ya taɓa mata ko wasali. Ki riƙe wannan, don shi ne ya hana ni sukuni.

Shugaban ƙungiyar tamu wani ne mai kiran kansa Tana. Ban taɓa ganinsa ba, ban ma san ko tsoho ne ko yaro ba. Makon jiya ya raba mana maƙalolin da ba a auna ba, kuma cikin rabona akwai ta baƙar laka mai tsagewa. Ina buɗewa na ji muryar mutumin naki. Shi ya rubuta ta, da yatsu biyu, a teburin cin abincinmu, lokacin da ciwon ajalinsa ya fara kwantar da shi. Akwai inda ya ce ƙasa ce mai zuciya, da rani ta buɗe baki, da damina ta kama ƙafarka ta ƙi saki.

Ke kin san inda ya samo wannan. Ranar da muka tafi aiki a motar nan tamu mai ƙofa ɗaure da waya, aka haƙa ramin bincike, kika saita kyamara, sai aka tarar an manto sandar awo a ofis. Dogo ya ce ai shi ma sanda ne, ya diro cikin ramin ya ƙame kamar soja. Lakar gindin ramin ta haɗiye masa takalmi ɗaya, ya koma gari yana ɗingishi. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, kuma tun a motar kika ce mini wannan dariyar ba ta banza ba ce.

Maƙalar tana da daɗi, aminiyata, amma babu madogara ko ɗaya a cikinta. Na rufe kwamfutar ban auna ba. Ki ba ni shawara, kuma ki gaida mini kowa da kowa.

Taki har kullum,
Uwar Sikeli

*

Aminiyata Mai Hoto,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Yaya jikin maigidan? Ki ce masa na ji labarin ya koma shan shayi da sukari a ɓoye, idona na kansa daga nan.

Takardarki ta iso, kuma ba ki canza ba. Wato in rubuta muhimmanci kaɗan, in ja bakina in yi shiru, wa zai sani? Ke ce fa kike cewa in ɗan daidaita lamba in sakamakon gwaji ya ƙi fitowa kafin a tashi aiki. Amma kada ki ɗauka ban yi tunanin haka ba. Na yi, har na rubuta kalmar na zuba mata ido, yatsana a kan maɓalli, sannan na goge.

Bari in gaya miki gaskiya. Kullum da safe, in na haɗa shayi, sai na buɗe shafin nan na karanta. Rigunansa na raba, littattafansa yara sun kwashe, amma nan wurin yana nan yana magana yadda ya saba, har da cewar da yake yi “to fa” kafin ya shiga bayani. Ina karantawa sai in ji ƙamshin ɗakin gwajinmu: samfura na bushewa a tanda, jakunkunan takarda jere a kan benci, ke kina kaɗa rariya kina waƙa ba kan gado, shi kuma yana murza ƙasa tsakanin yatsunsa yana faɗin sunanta tun kafin in ɗora ta a sikeli. In ya dace ya yi ta cika baki, in ya kuskure ya ce sikelina ne ya tsufa. Ina kewarsa ƙwarai, ba sai na ɓoye miki ba.

Auta ta ce ai ko an gyara, tsohon rubutun na nan ajiye a tarihin shafin, duk ranar da na so sai in tono. Haka ne. Amma a ajiye mutum a akwati daban, a bar shi zaune a falo yana karɓar baƙi daban. Sai ta ƙara da cewa in ɗauka rubutun babanta taki ne da sabon zai tsiro a kai. Na ce ta tashi ta ba ni wuri, ubanta ba taki ba ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙarshen maƙalar. Ya buɗe wani sashe, ya sa masa kai “Gini a kan baƙar laka”, ƙarƙashinsa kuwa fayau, ba komai. A nan ƙarfinsa ya ƙare. Na duba yawan masu buɗe shafin, na ga ba kaɗan ba ne, kuma da farkon damina suke ƙaruwa. Ni da ke mun san su waye: wanda bangon ɗakinsa ya tsage, da wanda ƙofarsa ta daina rufuwa, da wanda zai kafa harsashi yana tsoro. Su gangaro har ƙasa su tarar da wayam. Ni ba zan iya cike wurin ba, sinadarai na sani, ban san siminti ba. Masu iyawa kuma ba za su zo ba sai awo ya kira su.

Ƙasar da ake noma a kanta, take fasa gidaje da hanyoyi, a ce muhimmancinta kaɗan ne? Da yana nan ya ji haka daga bakina, da sai ya yi kwana uku bai ci abincina ba. Ki taya ni da addu’a.

Ina gaida yaran duka, musamman takwarata.

Aminiyarki,
Uwar Sikeli

*

Zuwa ga Mai Hoto, ƙawar arziki,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya kamar yadda muke a nan. Ki yafe mini jinkirin amsa. Lafiyata ƙalau, hannun ne ya ƙi ɗaukar biro.

Na auna. Inganci somin-taɓi, muhimmanci babba. Na kuma rubuta wa Tana cewa marubucin mijina ne, don haka awo na gaba ba da ni ba. Ya yi mini ta’aziyya cikin ladabi, ya ce da na faɗa tun farko da ya ba wani. Na ce ai gara da hannuna.

Ba a yi mako ba suka sauka, kamar tururuwa ta ga sukari. Wata injiniya ta cike sashen gini tsaf, da zane da madogara, har ni na ƙaru. Wani ya sake tsarin daga sama har ƙasa. Wani kuma aikinsa kawai bin jimloli yana liƙa musu alamar ana neman hujja. Wannan na ƙarshen na tsane shi tsana ta gaske, alhali kuwa abin da nake yi wa maƙalolin mutane ke nan kullum. “To fa” ita ta fara tafiya. Na ci gaba da buɗe shafin da safe ina neman abin da ya rage nasa, yau a ɗauke wannan, gobe wancan.

Jimlar ƙasa mai zuciya ita ta fi daɗewa. Ina jin su ma ta ba su sha’awa, don an yi ta gyara na kusa da ita ana tsallake ta. Ranar Talata aka cire. Wanda ya cire ya bar bayani cewa magana ce mai daɗi amma ba irin ta kundin ilmi ba ce. A wurinta yanzu an rubuta cewa lakar tana kumbura in ta sha ruwa, tana ƙanƙancewa in ta bushe. Gaskiya ne, ba inda zan kama shi. Na kifa kaina a teburin na yi kuka irin wanda ban yi ba tun kwanakin zaman makoki, shayin ya huce a gabana.

Maƙalar ta gyaru, ba zan yi ƙarya ba. Wanda bangonsa ya tsage zai sami amsa. Sai dai Tana ya ce abu ɗaya ya hana ta hawa matakin “ta yi kyau”: babu hoton ramin bincike da zai nuna jikin ƙasar daga sama zuwa ƙasa. Sun nema sun rasa wanda mai shi ya yarda a sa.

Kin ga inda na dosa. Na san ba kya yar da komai, har ambulan ɗin bikina na tabbata yana wurinki. Ki buɗe akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado ki duba mini hoton ranar takalmi. Amma ki sani, in aka sa shi ya zama na kowa, duk mai so zai iya ɗauka, sai dai a ambaci ke kika ɗauka. In ranki bai ba ki ba, ba zan yi fushi ba, ko kuma in yi kaɗan.

A gaida maigida da kyau.

Taki,
Uwar Sikeli

*

Aminiyata ta gaskiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kin huta daga atishawar ƙurar akwati. Allah ya saka miki da alheri, ya bar zumunci. Saƙo ya iso lafiya, har da kwalin da kika naɗe shi ciki kamar mai aiko da ƙwai.

Na daɗe riƙe da shi kafin in bari Auta ta taɓa. Ashe haka yake da ƙuruciya? Ashe gashinsa ya taɓa yin baƙi haka? Auta kuwa cewa ta yi ba ta taɓa sanin babanta ya yi rama irin wannan ba. Ta ɗauke shi a na’ura, muka ɗora da sunanki kamar yadda kika yarda.

Yanzu shi ne a can saman shafin, abin da mai karatu zai fara gani. Tsagar ƙasar ta fito sarai, hannunki bai taɓa rawa ba. Tana ya auna jiya, ya ba ta “ta yi kyau”. Injiniyar nan ce ta rubuta bayanin ƙasan hoton, ba ta kuma san ko waye ba. Ta ce: ramin bincike a baƙar laka, an tsayar da mutum a ciki domin a gane zurfinsa. Auta ta so mu ƙara sunansa, na hana. Aikin da ya diro ya yi ke nan ranar, kuma ga shi har yau yana yi.

Kalmarsa ko ɗaya ba ta rage a shafin ba, kuma har yanzu abin yana yi mini ciwo. Amma na koma buɗewa da safe. Ina ƙara girman hoton har in kai gindin ramin. Mutane da yawa sun duba, an yi ta yaba launin ƙasar, ba wanda ya lura mutumin da ke ciki ƙafarsa ɗaya ba takalmi. Daga ni sai ke.

Ki shirya mini ɗaki, ina nan tafe ƙarshen wata, kuma kwamfutar a gida zan bar ta. Ki gaida maigida da yara da takwarata. Allah ya sada mu da alheri.

Aminiyarki tun ɗakin gwaji,
Uwar Sikeli