Furar da Inna ta ɓoye a hijabi

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki? Yaya Fatakwal, yaya Anti Hadiza da yara? Mu nan Gazara da sauƙi.

Ranar Talata aka yi wa Baba aikin ƙaba a Ikara. Likita ya ja mana kunne, kada ya ci komai kafin a shiga da shi. Ashe da na fita alwala, Inna ta zaro kwanon fura daga hijabinta ta ba shi ya sha.

Yaya, ana yi masa allurar barci furar nan ta taso, ta gangara huhunsa. Can sai ga likita ya fito a fusace: "Wa ya ba shi abinci?"

Inna ta ce, "Ni ce, ɗana. Mai lafiya ma yunwa tana kayar da shi, balle wanda za a yanka?"

Ya ce wanda allura ta kwantar ko tari ba ya iyawa, abin da ke cikinsa shi ke shaƙe shi. Innalillahi! Ni duk wuƙar nake tsoro, ashe fura ce za ta nemi ransa.

Baba ya farfaɗo, amma yana kan oksijin. Ku taya mu da addu'a. Ka gaida Anti da yara. In ka bugo waya, don Allah kada ka yi wa Inna faɗa. Tun ranar ko ruwa ba ta sha sai mun roƙe ta.

Ƙanwarka,
Rabi