Abin da Na Gani a Akwatin Sani

Gagarawa, daren Talata, 1978

Hankalina bai kwanta da ƙanena Sani ba. Shekara biyu ke nan muna cewa likita yake karanta a Zariya, amma yau da Inna ta nuna masa ƙafarta da ta kumbura, taɓawa kawai ya yi ya ce, "Sannu Inna, sai a kai ki asibiti Gumel."

Da la'asar kuwa muna ɓarar gyaɗa, sai bakinsa ya buɗe. Ya kasa gyaɗar kashi biyar dab da juna, ya ce kowane kashi garke guda ne na taurari. Wai idan garkunan suka cunkushe wuri ɗaya, sai su riƙa fizge wa juna iskar gas ɗin da sababbin taurari ke samuwa daga gare ta. Wani garken ya cika da sababbi, wani ya tashi fayau.

Na ce, "A wane ajin likita ake koyar da wannan?"

Ya ce, "Haba Yaya, karance-karance ne kawai." Bai yarda mun haɗa ido ba.

Da ya tafi masallaci na buɗe akwatinsa, Allah Ya yafe mini. Lissafi ne fal, da baƙaƙen hotuna masu fararen ɗigo-ɗigo kamar taurari. Ko hoton ƙashi ɗaya babu.

Ban taɓa ganin Sani cikin murna irin ta wajen gyaɗar nan ba. Ga Baba har a kasuwa "Likita" yake kiran sa. Gobe Baba zai tambaye ni yadda na ga karatun, ni kuwa ban taɓa yi masa ƙarya ba.