Ƙafar Baba ta Hagu

Dan Kwian

Daga ƙauyenmu, zuwa ga Yaya Lamduan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki da aikin masaƙa can a birnin Samut Prakan.

An sallamo Baba daga asibiti. Hannun dama ya mutu, ƙafar dama sai ja, magana babu. Yana kwance fuskarsa na kallon bango. In na kai masa shinkafa ya ci loma biyu ya ture.

Faifan ginin tukwane yana nan a rumfa ya yi ƙura. Kin san aikin na mutum biyu ne, ɗaya ya tsaya yana tura faifai da ƙafa, ɗaya ya zauna yana ɗaga yumɓu. Tun ina ƙarami ni ne ƙafa, Baba ne hannu, bai taɓa bari na zauna a wurinsa ba. Wata mai shagon shayi a garin Korat tana son kofuna, sai na gwada yin duka biyun. In tura da ƙarfi, in yi maza in zauna, kafin in kai bakin kofi faifan ya mutu. Abin da ke fitowa kamar bakin tarwaɗa. Ba wanda zan ɗauka ya tura mini, sa'o'ina duk suna can wajenku.

Gidan ya yi shiru. Har da kare nake hira yanzu.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Tui

Samut Prakan

Tui,

Na gaishe ka, ka gaishe da Baba. Kofi mai bakin tarwaɗa ai sai ka sayar wa masunta.

Ka saurara. Bayan girbi zan zo in taho da shi. Akwai asibiti kusa da mu inda ake motsa wa masu irin ciwonsa jiki, maƙwabcinmu da aka kai a kwance yanzu shi ke ɗaure zaninsa da kansa. Kai ma ka biyo mu, ana neman masu lodi. Shekara nawa kana tsaye da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, me ka samu?

Kana wanke masa baya kuwa? Kar ka ba shi gishiri da yawa.

Yayarka, Lamduan

Dan Kwian

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, ina wanke masa baya.

Wani abu ya faru. Da safe ina fama da faifai sai na ji ana jan ƙafa a bayana. Baba ne, ya dogara sanda, ya iso rumfa da kansa. Ya daɗe yana kallon abin da nake ɓatawa. Sai ya nuna kujera da haɓa. Na ajiye masa ita a gefen faifai, ya zauna, ya ɗora tafin ƙafar hagu ya tura.

Daga inda yake zaune, baibai faifan ke juyawa. Kawu Samran da ke raba matoyar tukwane da mu ya leƙo ya ce, "Kai Tui, a gidanku har yumɓu ma ya koma bahago?" Ni ban damu ba, tunda ban taɓa koyon daidai ɗin ba balle in rikice.

Yanzu da ƙafar yake koya mini. In na matse yumɓu da yawa ya rage gudu. In bangon kofi ya yi kauri ya ƙara. In na yi shirme sosai ya take faifan cak, ya kau da kai, sai na rushe na sake. Shekaranjiya na huda gindin kofi da yatsa, sai na ji ya ce, "Ɓauna." Maganarsa ta farko ke nan tun da ya faɗi. Yaya, ban taɓa jin daɗin zagi haka ba. A ranar ya cinye kwanonsa.

Ba zan ɓoye miki ba, ya zame daga kujerar sau ɗaya ya fasa gira. Hannun kuma yana ƙara nannaɗewa, yatsun sun dunƙule, da ƙyar nake buɗe su in wanke.

Ki bar mini shi. Ina roƙonki.

Ƙanenki, Tui

Samut Prakan

Ƙanena,

Na karanta takardarka a bakin injin, na yi dariya, na yi kuka, har shugabar layinmu ta tambaye ni wa ya rasu.

Na je na ga likitar asibitin nan na kusa da mu, na karanta mata wurin yatsun. Ta ce dunƙulewar nan ita ce abin tsoro. In aka fara motsa shi yanzu, wataƙila ya riƙe cokali, wataƙila fiye da haka. In aka bari har damina, ya tafi ke nan. Kuma ba aikin sati ba ne, zai iya cin shekara.

Na fasa zuwa in ɗauke shi da ƙarfi. Na fasa ce maka ka zo lodi ma. Kai ke tare da shi, kai za ka yanke. Amma ka tambayi kanka tsakani da gaskiya, mutumin da ya yi shekara arba'in yana hannu, ka ga ya yarda ya ƙare a ƙafa? Ko kuwa kai ne ba ka son komawa hira da kare?

Kar ka yi fushi da ni.

Yayarka

Dan Kwian

Yaya,

Gaisuwa. Ban yi fushi ba. Na yi jinkirin amsa ne don sai da muka cika matoya muka toya. Kofunan sun fito baƙaƙe masu sheƙi, kaɗan ne suka tsage.

Ki zo ranar Asabar, ki taho da mota mai wurin kwanciya.

Na gaya masa jiya za ki zo ki tafi da shi, muna tsakar aiki, kofi na hannuna ya kai rabi. Ya take faifan. Yumɓun na bushewa a yatsuna, bai dube ni ba. Can ya duƙar da kai yana kallon hannun nan nasa a kan cinya. Sai ya ɗaga ƙafa ya ci gaba da turawa, a hankali, har na gama bakin.

Na wanke masa kayansa. Sai kin zo.

Tui