Yaya Nomau, Ga Abin da Suka Yi da Sunanka

Zuwa ga yayana Nomau,

Gaisuwa mai yawa da ladabi daga ƙaninka Jatau. Ka san ban san baƙi ba. Liman ne ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce masa kada ya gyara mini magana.

Yaya, sun ɓata maka suna. Yau a garin nan in mutum ya yi amai, ba mai cewa ya harar. Sai a ce ya yi nomau. Jariri ya yi tumbuɗi, uwarsa ta ce ya yi mata nomau a zane. Kare ma in ya ci ciyawa ya mayar, haka ake ce masa. A kasuwar Tsanyawa na ji kalmar a bakin wani bafatake da bai taɓa ganin fuskarka ba.

Ba su san mafarinta ba, ni kuwa ina wurin. Daminar da kurkunu ya kwantar da ni, ciyawa ta rufe mini gero, kai ka kira gayya. Da zazzaɓi a jikinka. Inna ta tare ƙofa, ka ce mata in ba ka je ba wa zai ja gaba. Ina zaune gindin marke da kumburarriyar ƙafa na ga ka fitar da kuyya kafin kowa.

Aka miƙo maka ƙwaryar furar gwanin gayya, wadda ba a ƙi, ba a kuma ragewa. Ka shanye a tsaye. Furar ta dawo a gaban makaɗa da 'yan mata. Nan take mai ganga ya sa ka a waƙa. Ba ka ga girbin geron nan ba.

Na kai ƙara wurin dagaci, ya ce in kawo wanda ya fara, alhali mai gangar ya daɗe a ƙasa. Na daina gaisawa da rabin garin. Na zane wani yaro da kara a kan kalmar, ubansa ya zo ba ni haƙuri, shi ma sai da ta kuɓuce masa.

Abin da ya sa na matsa wa liman ke nan: matar Audu ɗanka ta haifi namiji, ana tsakiyar noma. Na ce ga Nomau ya dawo. Audu ya sunkuyar da kai, ya ce, Baba, so kake a yi ta yi masa dariya a dandali? Yaya, Ɗanlami suke kiransa.

In uwarsa ta tafi rijiya ta bar mini shi, nakan kira shi da sunanka a kunne, a hankali. Iyakar ƙarfina ke nan. Ran da na biyo ka, ba sauran mai faɗar Nomau yana nufin mutum.

Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya kira ka da sunanka yadda Inna ta sa maka shi.

Ƙaninka da ka yi wa noma,
Jatau