Jitar da Baba Ya Ce Ta Mutu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya sa albarka a nemanka, Ya tsare ku a inda kuke. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yin shanya da kanta duk da mun hana ta. Ni kuma takardar shaidar digirina ta fito, na duba sunana harafi bayan harafi, babu kuskure. Na je ganawar neman aiki a kamfanin da ke gwada ƙarfin kayan gini, sun ce za su kira. Tun ranar wayata ba ta bar hannuna ba, ko wanka zan shiga sai na ajiye ta a bakin taga. Ka sa ni a addu'a.

Yaya, maganar jitar da kake son saya wa Baba ce ta sa na zauna rubutu maimakon in kira ka, don a waya ba na iya jera magana, kuma bangon gidanmu ka san ba ya riƙe sirri. Ka ce abokinka zai taho ƙarshen wata, kuma idonka ya kwanta a kan wata ja mai amfani da lantarki, wadda jikinta katako ne curarre, babu rami a ciki. Ka ce in tambayi masana ko ita ce ta fi. Don Allah kada ka saya sai ka karanta wannan har ƙarshe.

Ka tuna bara tsohuwar jitar Baba ta faɗo daga kan kabad, bayanta ya tsage. Mai gyara ya manna mata katako mai kauri daga ciki, ta dawo gida kamar ba ta taɓa faɗuwa ba. Baba ya kaɗa ta sau ɗaya, ya mayar da ita jaka, ya ce ta mutu. Tun daga nan bai sake zama da ita a baranda bayan la'asar ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a kunnena muryarta ba ta sauya sosai ba. Na kwatanta ta da tsohon sautin da ka ɗauka a waya kafin ka tafi, na saurara har kaina ya yi ciwo, bambancin ɗan kaɗan ne. To me ya mutu a cikinta? Ka san ni da tambaya, kai ne ma ka sa mini suna Sarauniyar Me-ya-sa.

Sai na fara zuwa shagon mai gyaran, inda makaɗa ke taruwa da hantsi. Shago ne ƙarami mai warin gam da garin katako, jitoci rataye a bango kamar kaya a igiya. Na tambaye su abin da ke sa jita ta yi daɗin kaɗawa, ina zaton zan samu amsa ɗaya in aiko maka. Ashe na tono wa kaina aiki. Wani da suke kira Dogo, mai kiɗa a otal, ya ce shi duk duniya ba shi da kamar tasa mai lantarki, don wuyanta siriri ne, tsirkiyoyinta kuma sun kwanta kusa da wuyan, da ya taɓa sun amsa. Fentinta duk ya goge a inda damtsensa ke hawa, an sha ba shi sabuwa ya ƙi. Ya ce ko matarsa ta san in gobara ta tashi ita za ta fita da ƙafarta, jitar ce ba ta da ƙafa. Wata malamar kiɗa da ta kawo gyara ta ce masa ai shi ya sa kullum abincinsa ke zuwa da sanyi. Ita tata mai tsirkiyar roba ce, wuyanta faffaɗa, ta ce ta ƙarfe tana yanka yatsun ɗalibai har su gudu tun ba su iya komai ba. Dogo ya ce waccan ba jita ba ce, matashin kai ce. Suka yi ta yi, ni ina tsaye da tambayata a hannu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abu ɗaya na lura da shi wanda ba wanda ya faɗa. Duk wanda aka miƙa wa jita, kafin ya yi wata waƙa sai ya rungume ta, ya kaɗa tsirkiyoyin gaba ɗaya, ya yi shiru. Na tambayi malamar me suke jira. Ta yi dariya ta ce ita ma ba ta taɓa lura tana yi ba. Ta ɗora mini tata a ƙirji ta kaɗa, sai na ji katakon yana rawa har cikin haƙarƙarina. Ta ce mai sauraro kunne kawai yake kawowa, amma mai kaɗawa da ƙirjinsa da cinyarsa da tafin hannunsa duk suna cikin kiɗan. Mai gyara ya ƙara da cewa katakon da ya bushe, mara nauyi, ya fi rawa, mai kauri kuwa ƙarfi gare shi amma ba ya motsi. Da na tuna masa jitar Baba, bai yi musu ba. Ya ce ya sa mai kauri ne don kada ta sake tsagewa, kuma a ganinsa muryar da ke fita gaba ba ta ragu da yawa ba. Gaskiyarsa ce. Bayanta ne ya daina motsi, wato ɓangaren da ke jingine da jikin Baba.

Duk da haka ban gane dalilin da zai sa wannan kaɗai ya raba mutum da abin da ya fi so ba, sai ranar ganawar aikina. An sallame mu da wuri, na dawo da rana tsaka, Inna ta fita unguwa. Na yi sallama daga ƙofa, shiru. Na sake yi a bakin falo da ƙarfi, shiru. Na ɗaga labule, sai ga Baba zaune ya ba ni baya, ya fito da jitar daga jaka. Ya sunkuya ya ɗora haɓarsa a kafaɗarta, yana kaɗa tsirkiya ɗaya yana murɗa maɗaurinta. Can ya sauya, ya manna ƙashin kuncinsa a jikin katakon. Yana neman sautin ne ta ƙashi. Na saki labulen a hankali na koma tsakar gida.

Yaya, ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba. Likita bai duba shi ba, ni kuma ba likita ba ce. Abin da na gani kawai zan faɗa: ƙarar rediyonsa ta ƙaru, yana kallon bakin mutum in ana masa magana, kuma shekarun da ya yi a tsakiyar injinan buga takardu ba kaɗan ba ne. Ina jin kunnensa ya daɗe yana raguwa, ƙirjinsa ne ke cike masa gurbin, har ranar da gyaran nan ya toshe wannan hanyar ma. Da na sami Inna a kicin na fara kewaye-kewaye, sai ta ce in daina wahalar da kaina. Ta tambaye ni ko ban lura ba tun bara ta sauya kujera, kullum a damansa take zama. Ta ce namijin da ya ɓoye abu a gidansa, matarsa ce ke taya shi ɓoyewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na so in gwada tunanina kafin in tayar maka da hankali. Na roƙi Baba ya raka ni shagon, na ce ina tsoron su ruɗe ni da surutu. Ya yi ta gunaguni a hanya, wai mai digiri guda tana tsoron masu kiɗa. Dogo ya tashi ya ba shi kujera, ya miƙa masa tasa mai lantarki, ya ƙure sifika har gilashin taga yana karkarwa. Baba ya taɓa ta kaɗan, ya yaba laushin wuyanta, ya mayar masa. Ya ce kyakkyawa ce, amma kamar mutum ne ya rungumi ƙofa, maganar tana fitowa daga ɗakin maƙwabta. Irin wadda kake shirin saya ke nan, Yaya. Aka miƙo wasu, yana kaɗawa yana ajiyewa. Daga ƙarshe ya nuna wata a lungu, mummuna, fentinta ya koɗe, mara nauyi kamar ƙwarya. Ya rungume ta ya kaɗa. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Bai ɗora haɓarsa ba, bai kalli kowa ba, sai ya shiga waƙar nan da yake mana a baranda in an ɗauke wuta, tun daga farko har ƙarshe, babu tuntuɓe. Ni kuwa na juya ina karanta kalandar bango kamar za a yi mini jarrabawa a kanta.

Sai dai jitar ta wani ce da ya kawo gyara, kuma ya ce ko da wasa kada a taya. Tsohuwar Baba kuma mai gyara ya ce zai iya ɓamɓare katakon ya sa siriri, amma bai yi alkawarin bayan ba zai tsage gaba ɗaya ba, ni ma ba zan so a yi caca da ita ba. Saboda haka abin ya dawo hannunka. Ka bar jar nan. Ka nemi mai rami a ciki, mara nauyi, wadda ba a lafta mata fenti ba, tsirkiyoyinta kuma kada su yi nisa da wuya. Sunan kamfani ba zai gaya maka komai ba, hoto ma haka. Ka je shagon da kanka, ka toshe kunnuwanka da auduga, ka rungume ta ka kaɗa. Na san masu shagon za su yi maka kallon wanda ya taɓu, ka daure. Wadda ka ji tana motsi a ƙirjinka alhali kunnenka a toshe, ita ce ta Baba.

Maganar likita kuma, ni da Inna muna lallaɓa shi, kada ka taɓo ta a waya tukuna. In jitar ta iso ya koma baranda, ina ganin zai fi sauƙin yarda, don zai sami abin da yake son ya ci gaba da ji.

Ka gaishe mini da Anti ƙwarai, da Mai-sunan-Baba, da 'yar lelena mai wushirya, ka ce mata ina nan ina ajiye mata littafin zanen. Inna tana gaishe ku, Goggo da Kawu ma haka. Jiya na gaya wa Baba zan rubuto maka, na tambaye shi ko yana da saƙo. Sai da na maimaita. Ya ce in gaishe ka, in kuma ce maka ƙusar da yakan rataye jita a bangon baranda tana nan, bai cire ta ba.

Allah Ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Sarauniyar Me-ya-sa